Hular Auta

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ba Ya zalunci kuma ba Ya son azzalumai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, 'yan'uwa masu karatu, a wannan mako muna roƙon ku yi mana uzuri, domin maganar da za mu kawo ba daga littafi muka fara ɗauko ta ba, daga cikin gidanmu ta fito. Mun daɗe muna jinkirin rubuta ta, sai da mai maganar da kanta ta ba mu izini, bisa sharaɗin ba za mu ambaci sunanta ko sunan wani ba.

Akwai wata hula ƙube mai zare shuɗi da ruwan ƙasa wadda mukan sa ranar Jumma'a. Ran nan an sallame salla muna fitowa daga masallaci a nan Unguwar Gano, sai wani abokinmu ɗan kasuwar Kantin Kwari, mutumin da idonsa ba ya kuskuren kaya mai kyau, ya tsayar da mu yana tambayar inda muka saye ta. Muka ce masa ba a kasuwa muka same ta ba. Ya matso ya ƙare mata kallo, sa'an nan ya ce, "Aiki ya yi aiki, Malam, amma ga wani wuri nan ta wajen ƙeya da zanen ya karkace." Muka ce mun sani.

Ƙanwarmu ce ta ɗinka ta, autar ɗakinmu, wadda tun tana ƙarama kowa ke kira Auta. Mahaifinmu ya rasu tana 'yar shekara tara, saboda haka mu muka riƙe ta, mu muka sa ta makaranta, mu ne kuma waliyyinta ranar da aka ɗaura mata aure da wani ɗan kasuwa mai rufin asiri, mai fara'a a waje, wanda ba a raba shi da sahun farko. Shekara bakwai ta yi a gidansa, ta haifi 'ya'ya uku. A cikin waɗannan shekaru sau uku tana yin yaji, sau uku kuma muna mayar da ita. Na farko ta zo da ido a kumbure ta ce ƙofa ce ta buge ta, muka karɓi zancen ƙofa domin shi ya fi mana sauƙi. Na biyu ta faɗi gaskiya, muka ce harshe da haƙori ma sukan saɓa. Na uku ya aiko abokansa biko da goro da turmin atamfa, muka zaunar da ita a zaure muka yi mata wa'azin haƙuri kusan sa'a guda, muka ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Iyakar abin da ta ce shi ne, "To, Yaya." Ta yafa mayafinta ta bi su.

Na huɗun ba yaji ba ne. Wani dare cikin hunturu, wajen ƙarfe ɗaya, wani mai A Daidaita Sahu ya buga mana ƙofa, ga ta a bayansa da goyo, ba takalmi, jini yana bin wuyanta daga kunnen hagu. A asibiti aka ce dodon kunnen ya fashe, har yau kuwa ba ta ji sosai da shi. Likitan da ya duba ta, yaro ne sa'an ɗanmu na fari, ya ɗago ya dube mu ya ce, "Baba, wannan ne karo na farko?" Muka sunkuyar da kai.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne ba jahilci ya kai mu ga wannan ba. Mun yi Ahalari da Ishmawi da Risala a zaure tun kafin mu shiga aikin gwamnati. Mun san Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, ta ba da shaida, kamar yadda Muslim ya ruwaito, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa dukan mace ko mai hidima da hannunsa ba. Mun san da Fatima bint Ƙais ta nemi shawararsa a kan masu neman aurenta, ya kawar da ita daga Abu Jahm saboda an san shi da dukan mata, ya nuna mata Usama ɗan Zaidu. Mun san Abu Dawuda ya kawo labarin matan da suka yi dandazo a gidajen Annabi suna kai ƙarar mazansu, ya kuma bayyana cewa irin waɗannan maza ba su ne zaɓaɓɓun al'umma ba. Haka nan Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa yadda Habiba bint Sahal ta tsaya a ƙofar Annabi cikin duhun asuba tana neman rabuwa da mijinta, bai kuwa ce ta koma gida tukuna gari ya waye ba. Duk wannan yana cikin kanmu a ranar da muke yi wa Auta wa'azin haƙuri. Karatu yana ka, amma kunyar idon surukai da tsoron a ce ƙanwar Malam ta kashe aure sun fi shi nauyi.

Wani zai ce, to, aya ta 34 ta Suratun Nisa'i fa? Ba mu jahilce ta ba, ba kuwa za mu ɓoye ta ba. Amma waɗanda suka fi mu kusa da saukarta sun ɗaure ta da sharuɗɗa har ba a bar wa mai fushi ƙofa ba. An ruwaito Ibn Abbas ya kwatanta abin da asuwaki. Aɗa'u ɗan Abi Rabaha, malamin Makka, ya zaɓi kada miji ya yi dukan ko kaɗan, kamar yadda Alƙali Ibnul Arabi ya kawo a cikin Ahkamul Ƙur'an. Hadisi ya hana taɓa fuska. Shaihu Ibn Ashur na Tunisiya, Bamalike ne, wanda ya rasu a 1973, ya tafi a kan cewa hukuma tana da ikon ta hana maza wannan abu ta kuma hukunta mai yi, idan ta ga ba su tsayawa a kan iyaka. Wa ya taɓa ganin asuwaki ya fasa dodon kunne?

Mazhabarmu kuwa ta Malikiyya ta fi kowace buɗe wa macen da ake cuta ƙofar alƙali. Muhtasar na Shaihu Halil ya ba ta damar a sake ta saboda cutarwa bayyananna, ko da shaidu ba su tabbatar da cewa abin ya maimaitu ba. Ya kuma ce idan ta fanshi kanta da dukiya, daga baya aka gane cuta ce ta sa, sai a mayar mata da dukiyarta. Ibn Asim, mai Tuhfa, wadda alƙalanmu suka daɗe suna hukunci da ita, ya nuna cewa cutarwa tana tabbata ko da shaidu ko da labarin da ya bazu a tsakanin jama'a. Watau kunnen maƙwabci hujja ne a shari'a. Da wannan aka raba auren Auta ba ta biya ko kwabo ba, aka kuma bar mata renon 'ya'yanta kamar yadda Risala ta tanada. Maƙwabta biyu suka tsaya gaban alƙali suka ce shekara da shekaru suna ji ta kan katanga. Da muka fito muka tambayi ɗayansu me ya hana shi magana tun tuni, sai ya ce, "Malam, tsakanin miji da mata sai Allah. Kai ma ai ka sani, ka mayar da ita."

Kada mai karatu ya zaci gidanmu kaɗai ne. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 31 cikin 100 na matan Nijeriya 'yan shekara 15 zuwa 49 sun taɓa shan duka tun daga shekara 15, ko a hannun miji ko a hannun wani, fiye da rabin waɗanda abin ya shafa kuwa ba su taɓa neman taimako ba. A watan Disamba na 2024, a wani taro a Jami'ar Bayero, Malam Muhammadu Sanusi II ya ba da labarin binciken da ya yi a kotunan shari'a tara na Kano, ya ce abin da ya tarar a cikin takardunsu haƙora ne da aka zubar da gaɓoɓi da aka karya, ba wani duka mai sauƙi ba. Kundin Final Kod na Jihar Arewa da ya fara aiki a 1960 ma, a sashe na 55, ya ɗauke laifi daga mijin da ya hori matarsa muddin bai yi mata mummunan rauni ba kuma al'adarsu ta yarda. Sai a 2015 Gwamnatin Tarayya ta yi dokar hana cin zarafin mutane, ita ma iyakarta Abuja sai jihar da majalisarta ta karɓe ta.

Amma ba shari'a ce maƙasudin wannan rubutu ba. Maƙasudinsa shi ne abin da ya biyo bayan shari'a, domin mu a wautarmu mun ɗauka takardar alƙali ita ce ƙarshen ciwo. Auta ta dawo gida ta shiga ɗakin da ta tashi a ciki ta yi shiru. Ba kuka, ba ƙorafi. Idan babur ya tsaya a ƙofar gida sai ta zabura. Idan muka yi gyaran murya a zaure, mu da muka goya ta, sai ta ja ɗanta ta rungume. Abinci sai an matsa. Uwargidanmu ta yi lallashi har ta gaji. Muka yi mata tofi, muka sa aka yi mata addu'a, muka mayar da ita wurin likita ya ba ta maganin barci, dukkansu kuma sun yi amfaninsu. Amma duk wanda ya zauna gabanta ya ce ta faɗi abin da ke ranta, sai ta dubi ƙasa ta ce, "Ba komai." Wata biyar muna haka.

Wadda Allah Ya sa ta zama sanadi wata tsohuwa ce maƙwabciyarmu, wadda duk layin ke kira Gwaggo, ba ta yi boko ba, karatunta na allo ma bai yi nisa ba. Wata ranar da la'asar ta shigo da sallama, ba ta tambayi Auta lafiyar kunne ba, ba ta yi mata jaje ba. Ta ajiye mata farin ƙyalle da aka riga aka yi wa zane, da allura da ƙullin zare, ta ce, "'Yar nan, idona ya mutu, ga shi mai hular yana ta aike. Taimaka mini da gefen nan." Daga baya muka gane babu wani mai hula da ke aike. Kashegari ta dawo da nata ɗinkin, jibi ta zo da wasu mata biyu, ɗaya bazawara ɗaya mai takaba da ta fita. Kafin wata ya ƙare, tabarmar tsakar gidanmu ta zama wurin zaman mata shida ko bakwai daga la'asar zuwa kiran magariba, mu kuwa muka koma shiga gida sai da dogon sallama.

Wanda bai taɓa kula da yadda ake hula ba, ya sani aiki ne na haƙuri na gaske, ba irin haƙurin da muka yi wa'azinsa a zaure ba. Mai zane ne yake fara fitar da fasali a kan ƙyalle, jikin hula dabam, samanta dabam. Mai ɗinki sai ta bi zanen nan huda bayan huda, kowace 'yar ƙofa ta zagaye ta da zare, ta sauya launi inda zane ya sauya. Mai kyau takan ci makonni, wata har watanni. In an gama a haɗa ta, a kai wa masu wankin hula su wanke, su sa mata sitaci, su ɗora ta a kan icen da aka sassaƙa kamar kai har ta bushe ta tsaya. Mu maza iyakarmu mu karkata ta a goshi mu tafi ɗaurin aure.

A kan wannan tabarma Auta ta fara magana. Uwargida ce ta ba mu labari, ta ce ba wanda ya tambaye ta. Bazawarar nan ce tana ɗinki tana ba da labarin yadda nata mijin yake kulle ta ya tafi da mabuɗi, tana yi tana dariya irin ta wanda abu ya wuce masa, sai aka ji Auta, idonta a kan allura, ta ce, "Ni nawa sai ya ƙara ƙarar rediyo tukuna." Ba wadda ta ɗago kai. Gwaggo ta ce, "Miƙo mini jan zaren can." Aka ci gaba da ɗinki, ita kuma ta ci gaba da magana.

Mun daɗe muna juya wannan al'amari a zuci, ga kuma abin da muka fahimta. Mu da muke tsare ta da ido muna cewa ta faɗa, mun zama kamar wani alƙalin ne kuma. A wurin ɗinki kuwa ido yana kan ƙyalle, ba mai kallon fuskar wani, magana takan fito ta gefe, in ta yi nauyi a ajiye ta a ce zare ya harɗe. Sa'an nan macen da aka shekara bakwai ana gaya mata ba ta iya komai ba, tuwonta da gudaji, shararta ba ta fita, yau ga abu ya fito daga hannunta wanda kowa ya gani sai ya yaba. Kuskure kuma a ɗinki ba ya jawo mari, warwarewa ake yi a sake. Ga kuɗi, ko da kaɗan ne, nata ne na kanta, shari'a ba ta ba miji ko wa ko ƙane iko a kansu ba. Ranar da dillaliya ta kawo mata kuɗin hularta ta farko, sabulu da takalman makaranta ta saya wa yara, ta ƙi karɓar namu.

Bayan allura sai alƙalami. Ta aiki ɗanmu ya sayo mata littafin rubutu irin na 'yan makaranta, ta riƙa rubutu bayan isha'i. Ba ta rubuta "ni" ba, labarin wata mata take bayarwa, a wani gari da ba ta ambata ba. Takan karanta wa matan tabarma shafi ɗaya ko biyu, su yi ta gardama a kan abin da ya kamata matar nan ta yi, alhali kowa ta san ko wace ce. Masana halayyar ɗan Adam sun gwada irin wannan. A wani bincike da aka buga a 1986, wani malami a Amurka, James Pennebaker, ya sa ɗalibai su riƙa rubuta abin da ya fi ƙona musu rai, minti 15 kullum har kwana 4, aka kuwa ga sun rage zuwa asibitin makaranta a watannin da suka biyo baya. Gwaggo ba ta taɓa jin sunansa ba.

Cikin kayan Auta muka ga wani tsohon littafi da ya sha hannu, Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. Mu da muna cikin masu yi wa irin waɗannan littattafai kallon banza, muna ce musu adabin kasuwar Kano. Muka karanta shi a dare biyu. Marubuciyar ƙanwar marigayi Janar Murtala Muhammed ce, an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana 'yar shekara 13, auren bai daɗe ba ya mutu, ta hanyar ajin ɗinki da saƙa da karatun manya kuma ta koma ga ilmi. Labarin na Rabi ne, uwar 'ya'ya tara, wadda mijinta ɗan kasuwa ya kora saboda amarya, ta riƙe 'ya'yanta da sayar da abinci, da duniya ta juya masa baya kuma aka taru aka matsa mata ta koma. Da muka zo wannan wuri sai muka rufe littafin, domin mun ga kanmu a cikin masu matsawar.

Abin mamaki, da aka tashi fitar da wannan littafi da Turanci a 2012, fassarar Malam Aliyu Kamal, ba a Legas ko Landan aka buga shi ba, wani kamfani ne mai suna Blaft a birnin Chennai na Indiya. Mu Kanawa mun shekara fiye da hamsin muna kallon finafinansu, ashe su ma sun ga gidajensu a cikin labarinmu. Wannan ya sa muka bi sawun yadda suke yi da wannan ciwo, tun da yake ya yi musu katutu har sai da majalisarsu ta yi masa doka ta musamman a 2005. A ƙasar Bengal, watau Bangladesh da yankin Indiya da ke maƙwabtaka da ita, mata sun gāji wani ɗinki da ake kira kantha, su jera tsofaffin zannuwa su bi su da ƙananan ɗinki har su zama mayafin rufa, a kansa su fitar da tsuntsaye da kifi da abin da ya faru a gidajensu. Ƙungiyar BRAC ta buɗe kantunan Aarong a 1978 domin irin wannan aikin hannu na matan karkara ya sami kasuwa da farashi na adalci. A Kolkata wata mata, Sohini Chakraborty, ta kafa Kolkata Sanved a 2004, tana amfani da motsa jiki da rawa wajen jinyar 'yan matan da aka ci zarafinsu. Wannan ba lalle ya dace da mu yadda yake ba, ko da yake matanmu ma a cikin gida, su ya su, suna da kiɗan ƙwaryarsu. A Ingila kuma, inda 'yan asalin Indiya da Pakistan suke da yawa, an ga ƙarshen abin da aka danne: Kiranjit Ahluwalia ta shekara goma tana shan azaba a ɓoye saboda mutuncin dangi, a 1989 ta cinna wa mijinta wuta, aka yi mata ɗaurin rai da rai, sai a 1992 aka sassauta hukuncin bayan ƙungiyar mata ta Southall Black Sisters ta tsaya mata. Mai bin labaran kotunanmu ya san mu ma ba baƙin irin wannan ba ne.

Mun san za a ce wannan tonon asiri ne, zaman mata kuma zaman gulma ne, littattafan nan su ke lalata tarbiyya, har ma an taɓa ƙona wasu a bainar jama'a a nan Kano a 2007. Ba mu ce duk abin da aka rubuta alheri ne ba, akwai shirme da yawa a ciki. Amma aya ta 148 ta Suratun Nisa'i ta keɓe wanda aka zalunta daga hanin bayyana mummunar magana. Imamu Nawawi da ya lissafa wurare shida da ambaton aibin mutum yake halatta, da kai ƙarar zalunci ya fara. Sura guda ce cikin Alƙur'ani, Mujadala, ta sami sunanta daga macen da ta kawo kukan mijinta. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a cikin Nurul Albab ya yi kakkausan suka ga masu riƙon matansu kamar ƙwarya, a mora har ta fashe a yar. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, da waƙa ta ilmantar da matan karkara ta hannun jajis da 'yan taru, da waƙa kuma ta yi kukan rashin ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da ya rasu a 1837. Sana'ar hannu kuwa, Uwar Muminai Zainab bint Jahshi jima take yi da ɗinkin fata, tana sadaka da abin da ta samu. Baƙin ciki ma Musulunci bai bar shi ga wa'azi kaɗai ba, domin Buhari ya ruwaito Nana A'isha takan sa a dama talbina, wani abu mai kama da kununmu, a ba wanda aka yi wa rasuwa saboda yana sanyaya zuciya.

Kakanninmu mata ma suna da nasu. A bakin dutsen niƙa da gindin turmi suke rera abin da ba su iya faɗa wa miji ko uwar miji ido da ido, wanda aka yi dominsa yana ji daga zaure, ba shi da ikon cewa da shi ake. Injin niƙa ya zo ya hutar da hannuwansu, Allah Ya saka wa wanda ya ƙago shi, amma ya tafi da wannan kafa, gidajen haya na bulo kuma suka raba mace da 'yan'uwanta mata. Yarinyar da aka kai wani ɗaki a Hotoro ko Sheka, ba kishiya ba faccala ba gwaggo, wa za ta rera wa?

Sai dai a yi hattara. Allura ba ta zama madadin alƙali. Macen da har yanzu ake duka, abin da take bukata da farko shi ne a tsayar da dukan, ko ta hanyar masu sulhu biyu da aya ta 35 ta ambata, ko Hukumar Hisba da aka kafa a 2003, ko kotu. Wanda ya ba ta zare ya mayar da ita ga mai mari, ya maimaita laifinmu ne da sabon salo. Mun kuma ga wadda mijin yake jira dillaliya ta fita ya karɓe kuɗin.

'Yan'uwa 'yan kasuwa, ku ne kuke sayen hulunan nan a dunƙule ku kai Kurmi da Kwari da Sabon Gari, wasu har ƙetare. Mun taɓa raba ladan da aka ba Auta a kan wata hula da kwanakin da ta yi a kanta, abin da ya fito bai kai kuɗin kokon safe ba, muka kuma ga irinta a rumfa da farashin da ya ninka sau da yawa. Ciniki halal ne, amma wadda ke bayan katanga ba ta san kasuwa ba, ku kuwa kun sani. Ku kuma abokan aikinmu na gwamnati, tun 1980 Jihar Kano ta kafa Hukumar Ilmin Manya zamanin Gwamna Abubakar Rimi, akwai kuma cibiyoyin koya wa mata sana'a irin ta Gyadi-Gyadi. Abin da muke gani ya rage shi ne magatakardan kotu, ko ma'aikaciyar jinya da ta wanke raunin, ko jami'in jin daɗin jama'a, ya san inda zai nuna wa mace ta tafi bayan an ba ta takardarta. Makarantun Islamiyya na matan aure da suka cika unguwanninmu, me zai hana a ware musu yammaci guda a mako na zare da takarda, da malama mai riƙe sirri?

Hular nan ita ce ta huɗu da Auta ta gama. Da ta kawo mana ita, mu ma mun ga wurin da ya karkace, muka ce ko za ta warware ta gyara. Ta ce, "A'a, Yaya. Ranar da nake wurin nan ne na ba su labarin zaman da ka yi da ni a zaure. Hannuna rawa yake yi. Ka sa ta haka nan." Muka karɓa da hannu biyu.

Cikin abin da muka karanta na Indiya akwai wani gangami da ƙungiyar Breakthrough ta fara a 2008, mai suna Bell Bajao, watau kaɗa ƙararrawa. A talabijin sukan nuna mutum ya ji ana dukan mace a maƙwabta, sai ya je ya danna ƙararrawar ƙofa ya ce a sam masa madara, ko yara su ce ƙwallonsu ta faɗa ciki, don dai mai dukan ya san an ji. A damina da ta wuce, wani dare bayan ƙarfe goma sha ɗaya, muka ji rediyo ya yi ƙara fiye da kima a wani gida da ke bayan namu, inda wasu sababbin aure suke haya. Auta ce ta fara fitowa tsakar gida, ta tsaya tana dubanmu ba ta ce komai ba. Muka sa riga muka ɗauki hular, muka zagaya muka yi ta sallama har ya buɗe, yana haki. Muka ce aron tsani muka zo. Ya ce, "Baba, tsani da daren nan?" Muka ce e, ba ma sauri, za mu jira a nan bakin ƙofa. Ya shiga ya kashe rediyon.

Da gari ya waye muka nemi mai unguwa da liman, muka kuma sa aka nemo mana lambar wan yarinyar. Da la'asar Auta ta yafa mayafi, ta ɗauki farin ƙyalle da allura da ƙullin zare, ta ce wa uwargida in Gwaggo ta zo a ce mata ta shiga maƙwabta.